Darasi: Kula da Man Difirenshal na Motar Ƙungiya

'Yan'uwa, a daminar bara motar ƙungiyarmu ta tashi daga Sabon Tasha da takin zamani, ta bi hanyar Kachia. Bayan Kujama sai ta fara kuka daga baya, ta tsaya. Da makaniki a Kakuri ya kwance, ya tarar ruwa ya shiga mai, haƙoran ƙarfe sun cinye. Taki ya makara mako uku, masara ta yi rawaya. Laifinmu ne, gama ba mu duba ba.

Difirenshal shi ne tukunyar ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyi biyu. Shi ke ba tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki a kan kwana. Mota mai jan ƙafa huɗu, kamar Land Rover ko Hilux, tana da guda biyu, gaba da baya. Da yawa sukan manta da na gaba.

Ga yadda za mu duba:

1. A tsai da mota a wuri mai daidai, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi in jak kaɗai ke riƙe da ita.

2. A goge laka, a kwance noti na sama tukuna. In an fara zubar da mai, na sama kuwa ya ƙi kwancewa, ta ina za a zuba sabo?

3. A sa yatsa a ramin. Ya kamata mai ya kai bakinsa.

4. In man ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da nono, ruwa ne. A canja shi ran nan. Ƙarfe mai zafi in ya shiga rafi yakan zuƙo ruwa ta ɗan bututun numfashinsa.

5. A dubi maganaɗisun noti na ƙasa. Laushin gari ba kome. Gutsattsarin ƙarfe kuwa, sai makaniki.

6. A zuba man giya, GL-5 80W-90 ko wanda littafin motar ya ce, har ya fara tsiyayowa. Ba baƙin man inji ba.

Mu duba kowane wata, da kuma bayan ƙetare ruwa mai zurfi. Mu canja wajen kowane kilomita 40,000. Tsohon mai kada a zubar a gona ko kusa da rijiya. Sakatare ya rubuta ranar a littafi.

Motar nan kuɗin baikon 'yan'uwa ne. Ubangiji ya sa a iske mu amintattu a kanta.