Yadda Ɗalibin Shari'a Ke Koyon Aikin Bashi a Damagaram

Ɗan Damagaram da ya tafi neman ilimin shari'a, ko a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, wadda tsakaninta da gida kusan kilomita 900 ne, ko kuwa a ta Tawa, yakan komo hutun damina kansa cike da dokokin kasuwanci na OHADA: ya san an ƙulla yarjejeniyarta a Port Louis ran 17 ga Oktoba 1993, ya san ƙasashe 17 ke bin ta, kuma babbar kotunta tana Abijan; amma in ka miƙa masa littafin bashin wani mai sayar da wake a Kasuwar Dole, ka ce ya fitar da abin da za a kai gaban alƙali, sai ka ga ya yi tsit yana juya takardu. Wannan kuwa ba abin aibu ba ne, domin ilimin mu'amala tun asali ba ya kammala a kan allo, kuma almajiran fiƙihu na da, bayan sun wuce babin ciniki a Risala da Muhtasar, sai sun daɗe a zauren alƙali suna sauraron da'awa da jawabi kafin a yarda su rubuta wa kowa wasiƙar shaida. Irin wannan zama shi 'yan boko ke kira sitaj, kuma daban yake da horon shekara 3 da mai neman shiga sana'ar lauya ke yi daga baya.

Neman wuri ba ya buƙatar dogon bayani. Ofisoshin lauyoyi galibinsu a Yamai suke, saboda haka ɗalibi a nan yakan rubuta takardar roƙo, ya haɗa da shaidar jami'a, ya kai wa magatakardan babbar kotu, ko ofishin wisiye, wato jami'in da ke isar da sammaci yana zartar da hukunci, ko sashen bin bashi na wani banki. Kuma kowa ya san gaisuwar dattijo tana buɗe ƙofa fiye da takardar. Samari sun fi sha'awar manyan wurare irin matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011, amma ni a ganina wanda ya zauna wurin wisiye ko ƙaramin lauya ya fi su dacewa, gama can za a ba shi kujera mai laushi a manta da shi, nan kuwa hannu ya yi kaɗan, tilas a sa shi aiki. Makonnin farko na aike ne da jera takardu, da zuwa kotu duba rajistar 'yan kasuwa, don a san ko wanda za a yi ƙara mutum ne shi kaɗai ko kamfani, kuma wa ke da ikon sa hannu da sunansa. Duk mai natsuwa zai iya wannan.

Inda gwaninta take shi ne ranar da maigidan ofis ya ce masa ya zauna da mai bin bashi, ya shirya takardar neman umurnin biya. Wannan hanya ce gajeriya da dokar OHADA ta tanada tun 1998, aka sake mata gyara a Kinshasa a 2023, inda shugaban kotu ke duba takardu kawai ya ba da umurni ba tare da an kira wanda ake bi ba. Kuma saboda sauƙin nan nata aka gindaya mata sharuɗɗa masu tsanani. Lalle bashin ya zama ya samo asali daga yarjejeniya ko daga takardar kuɗi irin cak, ya zama tabbatacce babu shubuha, adadinsa sananne, kuma ajalinsa ya yi. A aji ana haddace waɗannan cikin minti ɗaya. A zahiri kuwa wanda ke gabanka dattijo ne mai mutunci, wanda ya shekara 20 yana ba abokin cinikinsa kaya a kan amana, bai zo ba sai da haƙuri ya ƙare, kuma abin da ya kawo shi ne littafin 'yan makaranta da yaron shago ya rubuta, wani shafi da boko, wani da ajami, da saƙonnin murya a WhatsApp.

Ɗalibi mai gaggawa zai tambayi jimla ya rubuta. Mai hankali kuwa zai bar Alhaji ya yi zancensa tun daga farko, har da labarin auren da ya haɗa gidajen biyu, sannan ya ce, "Baba Alhaji, Allah ya ƙara maka lafiya, mu bi kayan mota mota." Nan ne abubuwa ke ɓullowa. Za a tarar an biya wani kaso da naira lokacin da aka kai kaya Kano, ba a kuwa rubuta canjin ranar ba. An mayar da buhu kaza saboda ƙwari sun ci. Dillali ya karɓi la'adarsa daga cikin kuɗin. Wani kaso kuma ba kuɗi aka biya ba, shanu aka kawo. Ga kuma lissafinmu na gida, wanda ke tafiya da dala, ko wace dala sefa 5: in Alhaji ya ce ɗari, sefa 500 yake nufi, in ya ce jaka, 1,000 ce, kuma yaron shago yakan rubuta wani layi da wannan lissafi, wani da na Faransanci, ba tare da wata alama ba. Wanda bai tsaya ya tambayi kowane layi ba, ko dai ya ninka bashin sau 5, ko ya zubar da kashi 4 cikin 5 na haƙƙin mutum, alhali doka ta wajabta a faɗi adadin daidai, a rarrabe abin da ya haɗu ya ba da shi, a kawo takardun asali ko kwafin da aka tabbatar, in ba haka ba a yi watsi da roƙon tun daga ƙofa.

Sai batun ajali, wanda ya fi duka wuya a wurinmu, domin ɗan kasuwar Damagaram yana jin nauyin ya yanka wa abokinsa rana. "In Allah ya hore" ko "bayan kaka" shi ne abin da aka yi alkawari a kansa. Dokar OHADA ta yi wa 'yan kasuwa rangwame, ta yarda a kafa hujja a kansu ta kowace hanya, har da saƙon waya da littattafan ciniki, amma ta kuma sa iyaka: da'awar cinikin kaya tsakanin 'yan kasuwa tana faɗuwa bayan shekara 2, sauran haƙƙoƙin kasuwanci bayan shekara 5. Sau da yawa na ga fuskar dattijo ta sauya da ya ji cewa kawaicin da ya yi don zumunci shi ne ke neman cinye masa haƙƙi. Maganin da tsofaffin ma'aikata suka sani shi ne a nemi iƙirarin wanda ake bi tun kafin a ambaci kotu: a je masa da ladabi, a zauna a yi lissafi tare, ya sa hannu a kan adadi da rana, domin iƙirari yana katse ƙidayar lokacin nan, kuma takarda guda ta wadatar da sharuɗɗan duka. In ɗalibi ya iya tunatar da dattawan biyu cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da sa shaidu, sai rubutun ya daina zama alamar zargi a idonsu, su sa hannu rai a kwance. Kafin ya ƙara kuɗin ruwa na jinkiri kuma, wajibi ne ya tambayi mai haƙƙin, gama da yawansu za su ce, "Ɗana, cire wannan, uwar kuɗina kawai nake nema," don gudun riba.

Ina alfahari da wannan ɓangare na aikin, domin ba baƙo ba ne a garin nan. Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ayarin Tarabulus da na Kano a Zango suke sauka, ana ba da kaya bashi a kai su hamada a dawo bayan watanni, kuma malamai ne ke rubuta wa fatake wasiƙun da ke riƙe da dukiyar. Yaron da ke zaune yau gaban kwamfuta yana mayar da zancen Alhaji Faransanci, gadon waɗancan marubuta yake ci, ko ya sani ko bai sani ba.

Abin da ya rage ƙidayar kwanaki ce, kuma a bango ake rubuta ta. In alƙali ya sa hannu, dole a isar da umurnin cikin wata 3, in an wuce ya zama kamar ba a yi ba. Wanda ake bi yana da kwana 10 ya yi jayayya, alhali a tsohuwar doka 15 ne, saboda haka littafin da aka gada daga yayye ba abin dogaro ba ne. In ya yi jayayya, kotu za ta fara gwada sulhu. In bai yi ba, sai a nemi hatimin zartarwa cikin wata 2. In kuwa mutumin da dukiyarsa suna Daura ko Kano, to wannan hanya ba ta kai can, tun da Nijeriya ba ta cikin OHADA, sai a koma ga shugabannin kasuwa da masu masauki su shiga tsakani. Ranar isar da takarda ɗalibi yakan raka wisiye, ya ga yadda ake jan mutum gefe a karanta masa da Hausa abin da aka rubuta, da kwanakin da yake da su, da kotun da zai je, maimakon a miƙa masa a bakin shago gaban yaransa. Bashi da yawa a nan yake ƙarewa, ko a zauren mai unguwa, ko a fada, inda ake yin sulhu a rubuta shi.

Daga ƙarshe ɗalibi ya rubuta rahoton da zai kai jami'a, ya ɗauki shari'a guda ya bi ta daga littafin shago har zuwa biya, amma ya shafe sunayen mutane da duk abin da zai sa a gane su, domin sirrin ofis amana ce da ba ta ƙarewa da ƙarewar hutu. Maigidan ofis ya karanta, ya gyara, ya sa hannu da hatimi a takardar shaida, kuma in yaron ya nuna natsuwa, a ce masa ya dawo baɗi a ba shi aikin jingina da kafa kamfani.