Shafi yana aiki a Chrome amma ya ƙi a iPhone: ina matsalar take?

Ƙorafin da masu gina shafukan intanet suka fi kawowa kusan iri ɗaya ne. Mutum ya ɗauko laburaren JavaScript daga waje, jQuery ne ko mai zana taswira, ya liƙa adireshinsa a shafi, komai ya tafi daidai a Chrome ɗin kwamfutarsa. Washegari mai aikin ya kira: a wayarsa maɓallin biyan kuɗi ko motsi ba ya yi. Daga nan sai a ɗora wa burauza laifi, ko a ce wa mutum ya sauya waya. Wannan amsar tana ɓata mini rai, domin ɗan kasuwar da ya biya ka kuɗin aiki ba zai iya sauya wa abokan cinikinsa wayoyi ba.

Kafin ka taɓa kod ɗinka, nemi saƙon kuskuren a na'urar da abin ya faru. A kwamfuta ka danna F12 ka buɗe Console. Idan Android ce, haɗa ta da kwamfuta ta USB ka shiga chrome://inspect. iPhone kuwa sai da Mac da Web Inspector na Safari. Jan layi na farko shi za ka karanta, sauran galibi shi ya haife su. In kuma rahoton da ke zuwa maka bai wuce “Script error.” ba, babu sunan fayil babu lambar layi, to burauza ce ta ɓoye bayanin da gangan saboda fayil ɗin daga wani adireshi ya fito. Ƙara crossorigin="anonymous" a alamar script, in dai sabar da ke riƙe da fayil ɗin tana aiko da izinin CORS, sai cikakken saƙon ya bayyana.

Matsalar da ta fi cutar da mu a nan ita ce ta sabon salon rubutu. Burauza tana karanta fayil ɗin gaba ɗaya kafin ta aiwatar da ko layi ɗaya, kuma da ta ci karo da alamar da ba ta sani ba sai ta ajiye shi dukansa, kamar mai karɓar fom da ya ga gurbi ɗaya ba daidai ba ya mayar maka da takardun baki ɗaya. Alamar ?. da laburare da dama ke amfani da ita yanzu sai a 2020 ta shigo, da Chrome 80 da Safari 13.1. Dabarar lookbehind ta binciken rubutu Chrome ya san ta tun 2017, Safari kuwa sai sigar 16.4 a Maris 2023. To, iPhone 6s da iPhone 7 sun tsaya a iOS 15, ba za su taɓa samun wannan sigar ba, kuma duk wanda ya san kasuwar Farm Centre a Kano ya san irin waɗannan wayoyin na hannu ba su ƙare ba. Kada ka ce wa mai irin wannan wayar ya sauke Chrome: a iPhone ɗinsa Chrome ɗin ma injin Safari, wato WebKit, yake amfani da shi, kuskuren zai sake fitowa.

Mafita a nan ita ce ka duba caniuse.com ka ga daga wace siga aka fara gane abin. Sannan ka nemi fayil ɗin da masu laburaren suka tanada domin tsofaffin burauzoci, ko ka bi da kod ɗin ta Babel ya mayar da shi tsohon salo. Amma ka sani Babel ba ya warware lookbehind. Wannan sai an sake rubuta wurin da hannu, ko ka koma sigar laburaren da ba ta da shi. Polyfill ma ba zai cece ka ba, domin aikinsa cike gurbin abin da burauza ta rasa bayan ta riga ta karɓi fayil, ita kuwa a nan tun a ƙofa ta ƙi karɓa.

Saƙon “$ is not defined” labarinsa daban. Kod ɗinka ne ya riga jQuery isowa. Sau da yawa async ke jawo haka, don yana aiwatar da duk fayil ɗin da ya fara sauka ba tare da bin layi ba. A Wi-Fi mai ƙarfi ba za ka gani ba, sai a wayar da sabis ɗinta ke jan ƙafa, shi ya sa ake zaton halin burauzar ne. Sa defer a duka biyun, laburare a sama, naka a ƙasa, sannan ka rage gudun intanet a sashen Network ka gwada.

Wani lokaci fayil ɗin ma bai iso ba. Adireshin http a cikin shafin https toshe shi ake yi. Firefox da Brave suna tare wasu adiresoshin da suka sa a jerin masu bibiyar mutane. Opera Mini, a yanayin tsananin tsimin data, a sabar kamfanin yake sarrafa shafin kuma ɗan lokaci kaɗan yake ba JavaScript, don haka ka tabbata fom ɗinka yana iya turawa ko da laburaren bai tashi ba.

Ra'ayina shi ne duk laburaren da shafinka ba zai yi aiki ba sai da shi, ka sauke shi ka ajiye a sabarka. A da ana cewa CDN na gama-gari, wato sabar waje da shafuka da yawa ke ɗauko fayil daga gare ta, ya fi sauri tunda wataƙila burauza ta riga ta ajiye fayil ɗin daga wani shafin. Tun Chrome 86 a 2020 kowane shafi da ma'ajiyarsa, wannan ribar ta tafi. Haɗarin kuwa yana nan. A 2024 adireshin polyfill.io ya koma hannun wani kamfani, aka riƙa cusa mugun kod ta cikinsa ga shafuka sama da 100,000 da suka dogara da shi. In dole sai ka yi amfani da CDN, rubuta cikakkiyar lambar sigar a adireshin maimakon latest, ka kuma sa integrity, ta yadda ko harafi ɗaya aka sauya a fayil ɗin burauza za ta ƙi aiwatar da shi.