Yadda ake auna ruwan gulbi a ƙasan baraji

Ruwa bai san iyaka ba. Mutanen Ɗan Barto, da suke zaune bakin iyakar Nijar da Nijeriya, sun san haka. Ga misali daga jihar Maraɗi.

Gulbin Maraɗi daga Nijeriya yake fitowa. Can ana ce masa Gada. A Jibiya, cikin jihar Katsina, an yi masa baraji mai ɗaukar ruwa mita kubik miliyan 142. Ruwan da baraji ya riƙe ba ya sauka fadamun Madarunfa da Maraɗi sai an sake shi. In ruwa bai malale fadama ba, rijiyoyi suna yin nisa, lambu ya sha wuya.

To, nawa ne ruwan da yake wucewa? Ido ba mudu ba ne. Sai an auna.

Ma'aikatan ruwa suna kafa ƙarfe mai lambobi a bakin gulbi, kamar a Nyelwa. Kowace rana mutum guda yana duba inda ruwa ya kai, ya rubuta cikin littafi tare da kwanan wata. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya wannan aiki.

Ga lissafi. Faɗin ruwa mita 10, zurfinsa mita 1. An jefa kara, ya yi tafiyar mita 1 cikin sakan 1. Sai a ce 10 sau 1 sau 1, ya ba da mita kubik 10. Mita kubik 1 lita 1000 ne, wato tano 5. Ke nan tano 50 suke wucewa kowane sakan.

Lambobin shekara 30 sun fi 10,000. Hannu ba ya gama su da wuri, shi ya sa ake ba kwamfuta. Ma'aikaci yana rubuta mata umarni daki-daki: ta mai da tsawon ruwa yawan ruwa, ta tara na kowane wata, ta gwada shekarun da babu baraji da shekarun da akwai shi. Ana sa mata lissafin ruwan sama kuma, don kada a ɗora wa baraji laifin fari. Amma in an rubuta lambar ƙarya a bakin gulbi, amsar ƙarya za ta fito.

A 1990, Nijar da Nijeriya sun sa hannu a Maiduguri kan rabon ruwan da suka haɗa bisa adalci. Babu rabo sai da awo.

Tambayoyi:
1. Ina aka yi wa gulbin Gada baraji?
2. Faɗi mita 6, zurfi mita 1, gudu mita 1 cikin sakan: tano nawa ke nan?
3. Masu rake da lambu a Korama, wa zai riƙa auna zurfin rijiyarsu kowane mako, ya rubuta?