Idan Kwamfuta Ta Ƙi Ganin 'Yar'uwarta, Kada a Yi Saurin Fomatin

A aikina na gyaran kwamfuta tsakanin Makarfi, Nasarawan Doya, Hunkuyi da Ikara, akwai ƙorafin da na haddace kalmominsa: "Injiniya, jiya suna ganin juna, yau sun daina." Galibi kwamfuta biyu ne a gida ɗaya ko shago ɗaya, ta kan tebur mai haɗe da firinta da kuma laftof, dukansu a kan MiFi guda. Kafin in iso mai su ya gama yanke hukunci cewa bairos ne, ya shirya kuɗin fomatin. A mafi yawan lokuta babu abin da ya lalace. Hanya a buɗe take, fayilolin suna nan lafiya lau, sunan kwamfutar ne kawai ya daina kai mutum inda take.

Wani zai ce me ya sa za a wahala, ga WhatsApp, ga filashi. Tura bidiyon biki daga falo zuwa ɗaki ta WhatsApp na cin data sau biyu, wajen ɗorawa da wajen saukewa, kuma idan ba a tura shi a matsayin takarda ba sai an rage masa kyau. Filashi kuwa duk mai shagon buga takardu ya san abin da yake kwasowa: bairos ɗin nan mai ɓoye fayil ya bar maka gajeriyar hanya ta bogi. Haɗin cikin gida ba ya cin ko sisi. Ko datar MiFi ta ƙare ƙaf, muddin yana kunne, kwamfutocin za su iya miƙa wa juna kaya.

Kwamfutoci ba su san juna da suna ba, da lamba suke magana, wadda ake kira adireshin IP, irin su 192.168.0.101. MiFi ne ko rawuta ke raba wa kowa tasa lokacin da ya shigo, kuma aro ce, ba kyauta ba. Kamar lambar waya ce a littafin wayarka: ka ajiye "Baba Ƙarami", kana danna sunan, amma lambar ce ke tafiya. Ranar da ya canza layi bai faɗa maka ba, sunan yana nan daram, kiran ne zai faɗa wani wuri. A nan wajenmu wannan canjin layi kusan kullum ne. An ɗauke wuta, batirin MiFi ya mutu, an tayar da janareta, wayar yaro ta riga laftof shiga, sai ta ɗauke lambar da laftof ɗin ke riƙe da ita jiya. Ƙananan na'urori da yawa ba sa tuna wa suka ba wace lamba bayan sun mutu sun farfaɗo.

To wa ke mayar da suna lamba? A farkon zamanin intanet, fayil guda ne ake ajiye sunayen kwamfutoci duka a ciki, ƙarƙashin kulawar Elizabeth Feinler da ma'aikatanta a wata cibiyar bincike a Kalifoniya ta Amurka, kowa ya riƙa kwafa. Da abin ya yi yawa, Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983. Duka biyun suna cikin kwamfutarka har yau. Idan ka rubuta suna, Windows zai duba abin da ya tuna da kuma wani ɗan fayil mai suna hosts, sannan ya tambayi DNS, wanda a gida MiFi ne ke tsaya masa. Matsalar ita ce MiFi da yawa sun san hanyar Facebook da YouTube amma ba su riƙe sunan laftof ɗin da ke gefensu ba. Daga nan sai Windows ya koma cigiya: ya aika tambaya ga duk na'urorin gidan, wane ne mai suna kaza? Hanyoyin cigiyar uku ne, mDNS, LLMNR da tsohuwar NetBIOS. Duk abin da ya tare wannan tambaya, ko ya hana amsa dawowa, shi ne ke jawo saƙon nan na 0x80070035, wai ba a sami hanya ba.

Gwajin da nake fara yi ba ya kai minti biyu, kuma kowa zai iya. Je ka kwamfutar da ke ɗauke da fayilolin, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, a baƙin allon da ya fito rubuta ipconfig. Nemi layin IPv4 ka kwafi lambar a takarda. Koma ɗaya kwamfutar, sake danna Windows da R, ka rubuta sanduna biyu masu kwanciya baya sannan lambar, misali \\192.168.0.101. Idan folda ta buɗe, ko aka tambaye ka kalmar sirri, to hanya lafiya take, ciwon a suna yake. Idan ta ƙi, ka bar maganar suna tukuna. Mutane na son gwada ping, amma kada a dogara da shi shi kaɗai, domin katangar tsaron Windows takan hana shi amsa alhali rabon fayil yana aiki.

Idan lamba ma ta ƙi, kwatanta lambobin biyu. Kashi ukun farko dole su zama ɗaya. Na sha tarar da ɗaya tana 192.168.8 ɗaya tana 192.168.43, wato laftof ta sulale ta koma hotsfot ɗin wayar maigida saboda ta taɓa saninsa. Idan ka ga 172.20.10, wannan iPhone ce. Lamba mai farawa da 169.254 kuwa na nufin kwamfutar ba ta samu komai daga MiFi ba, ita ta ƙirƙiro wa kanta. Bayan wannan duba ko Windows ya ɗauki wayfai ɗin gidanka a matsayin Public. Idan haka ne zai ɓoye kansa, kamar yadda ya dace ya yi a otal ko filin jirgi. Mayar da shi Private a kwamfutocin biyu, ka kunna Network discovery da File and printer sharing. Wasu MiFi ɗin suna da wani saiti mai suna AP isolation, wanda ke ba kowa intanet amma ya hana su magana da juna. A kashe shi. Sai VPN. Tun da gwamnati ta dakatar da Twitter a Yunin 2021 matasa suka cika na'urori da shi, an ɗage dokar a Janairun 2022 amma manhajojin suna nan suna tashi da kansu. Wasu daga cikinsu na kwashe tambayar suna su kai ta wata ƙasa, wasu su toshe haɗin cikin gida gaba ɗaya.

Idan kuwa lamba ta buɗe, suna ya ƙi, fara tabbatar da sunan. A baƙin allon nan rubuta hostname. Abin da ya fito shi ne sunan kwamfutar, ba sunan da kake gani lokacin shiga ba. Da yawa suna rubuta "Aisha" ko "Admin" alhali na'urar DESKTOP ce da wasu haruffa bakwai a bayanta.

A Nasarawan Doya na haɗu da wata mai ban haushi a lokacin kakar rake, sa'ad da kuɗi ke shigo wa mutane, bukukuwa su yi yawa. Wani matashi mai ɗaukar hoto ya sayo laftof biyu na hannu daga Zariya, ɗaya ta gyaran hoto, ɗaya ta ƙanensa mai bugawa. Da safe idan ya rubuta sunan sai foldar hotuna ta buɗe, da yamma kuma sai ta buɗe wayam, ba komai ciki. Hankalinsa ya tashi, ya ɗauka hotunan amarya sun goge. Na buɗe baƙin allo a kowace, na rubuta hostname, na juyo masa su gefe da gefe a kan benci: USER-PC, USER-PC. Mai sayarwa ya zuba musu Windows daga kwafi ɗaya, har da suna. Wata sa'a tambayar ta isa waccan, wata sa'a laftof ɗin ta amsa wa kanta. Ya ce, "Yallaɓai, wato tun safe kaina nake kira?" Muka sa wa ɗaya HOTO, ɗaya BUGU, muka kashe muka kunna. Shi ke nan.

Shawarata a nan: suna gajere, haruffan boko da lambobi zalla, ba tazara, ba ƙ ko ɗ, kuma kada ya wuce harafi 15, domin NetBIOS yana yanke abin da ya haura haka. Sunaye biyu dogaye masu fari ɗaya za su iya komawa suna ɗaya bayan an yanke.

Idan sunan daidai ne, wataƙila kwamfutar tana riƙe da lambar jiya. Rubuta ipconfig /flushdns, sannan nbtstat -R a allon da aka buɗe da ikon admin, ko kawai ka kashe ta ka kunna. Gwada kuma ƙara .local a ƙarshe, wato \\HOTO.local, wanda ke bi ta mDNS kai tsaye. Da haka ake samun Mac, haka ma Linux idan tana da Avahi. Wani lokaci rubuta suna yana aiki amma kwamfutar ba ta fitowa a jerin Network. Wannan wani abu ne daban: buɗe services.msc, nemo Function Discovery Resource Publication, ka sa ya riƙa tashi da kansa.

Maganin da ke ɗorewa a wurin da wuta ba ta zama shi ne a ɗaure wa kwamfutar fayiloli lamba ɗaya. Shiga shafin MiFi, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, adireshin da kalmar sirrin suna kan takardar da ke manne a jikinsa ko ƙarƙashin murfin batir. A sashen DHCP, idan na'urar tana da wannan damar, ka keɓe wa kwamfutar lambarta. Bayan an yi haka ne kaɗai yake da amfani a rubuta lambar da sunan cikin fayil ɗin hosts, wanda ke C:\Windows\System32\drivers\etc. Wanda ya rubuta a hosts bai ɗaure lamba ba, ya haƙa wa kansa rami, domin Windows zai gaskata fayil ɗin ya daina cigiya, ko da lambar ta koma hannun wayar baƙo.

Akwai abu biyu da wasu abokan sana'a ke yi don su gama da wuri su karɓi kuɗi, ni kuwa ban yarda da su ba. Na farko kashe katangar tsaro ɗungurungum. Na biyu kunna SMB1, tsohuwar hanyar raba fayil, saboda tana sa sunaye su bayyana a jeri kamar dā. Ta wannan ƙofa bairos ɗin WannaCry ya bi a Mayun 2017, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har asibitocin gwamnatin Birtaniya suka riƙa soke ganin marasa lafiya. A ƙarshen shekarar Microsoft ta fara cire SMB1 daga sabbin Windows 10. Windows 7 ba ta buƙatarsa. XP kuwa ba ta jin wani yare sai shi, kuma idan har akwai XP a shagonka saboda tsohuwar firinta ko sikana, gara ta zauna ita kaɗai ba wayfai. HomeGroup ma kada ka ɓata lokaci nemansa, an cire shi tun 2018.

Idan ka kai inda ake tambayarka sunan mai amfani da kalmar sirri, batun suna ya ƙare. Abin da ake so shi ne na waccan kwamfutar mai fayilolin, ba na wadda kake zaune gabanta ba, kuma lambar PIN ba ta shiga a nan. Sabuwar Windows 11 ta ƙara tsauri kan shiga babu kalmar sirri, don haka mafi sauƙi ka buɗe wani asusu na daban a kwamfutar fayilolin, ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, ka ba shi izini kan foldar da za a raba kaɗai, ba dukan faifan C ba.