Alamar Metil a Kan DNA da Yadda Take Zaɓar Furotin da Zai Karanta Ƙwayar Gado

1.0 Gabatarwa

Tantanin hanta da na ƙwaƙwalwa a jikin mutum guda suna ɗauke da DNA iri ɗaya: haruffa huɗu, A, T, G da C, jere cikin kuromosom 46. Amma aikinsu ya sha bamban, domin kowane tantani yana da ƙwayoyin gado da yake karantawa da waɗanda yake tsallakewa. Wannan maƙala ta dubi ɗaya daga cikin hanyoyin da wannan zaɓi yake gudana, wato ɗora alamar metil.

Metil ƙaramin gungu ne na kabon ɗaya da haidurojin uku. Wasu furotin, da suka haɗa da DNMT1 da DNMT3A, ke liƙa shi a kan harafin C, galibi inda G ke biye da shi. Harafin yana nan yadda yake. Masanin harshe zai gane lamarin idan ya tuna da kalmar "wuya": rubutu ɗaya ne, karin sauti ke raba gaɓar jiki da wahala. Tun a 1975 Robin Holliday da John Pugh, da kuma Arthur Riggs a nasa ɓangaren, suka kawo ra'ayin cewa wannan alama tana iya wucewa daga tantani zuwa waɗanda suka tsiro daga gare shi.

2.0 Alamar da ke Kora

Misali mafi bayyana yana kan kuromosom na 11 na ɗan'adam, inda ƙwayoyin gado biyu, IGF2 da H19, ke maƙwabtaka. IGF2 tana haɓaka girman tayi. A tsakaninsu akwai wurin da furotin mai suna CTCF ke zama. A kuromosom ɗin da aka gada daga uwa, wurin ba shi da metil, sai CTCF ya zauna ya zama katanga tsakanin IGF2 da yankin da ke zaburar da ita, ta yi shiru. A wanda aka gada daga uba kuwa, wurin a cike yake da metil, CTCF ba ya samun masauki, IGF2 ta yi aikinta. Binciken da aka yi a kan ɓeraye ne ya fito da wannan tsari a 2000.

Abin lura a nan shi ne, metil ne ya buɗe wa IGF2 hanya, alhali an saba koyar da cewa aikinsa rufewa ne. Kuskure a wannan wuri yana da tsada. Idan ɓangaren uwa ma ya sami metil, jariri kan zo da girma fiye da kima da babban harshe, wato cutar Beckwith-Wiedemann. Idan ɓangaren uba ya rasa nasa, sai a sami tsumburewa irin ta cutar Silver-Russell.

3.0 Alamar da ke Kira

Akwai kuma furotin da metil ɗin suke nema. A 1992 ɗakin binciken Adrian Bird a Edinbura ya bayyana MeCP2, wanda ke kama wurin da ke da alamar, ya janyo wasu furotin su ƙara matse zaren kuromosom har karatu ya gagara. A 1999 tawagar Huda Zoghbi a Amurka ta gano cewa lalacewar ƙwayar gadon MeCP2, wadda ke kan kuromosom X, ita ce sanadin cutar Rett. Yarinya kan taso lafiya har wata shida zuwa goma sha takwas, sannan ta rasa 'yan kalmomin da ta koya da amfani da hannuwanta. Alamun suna nan daram; makarancin ne ya samu matsala.

A 2017 tawagar Jussi Taipale ta Cibiyar Karolinska a Suwidin ta gwada furotin 542 masu sarrafa karatun ƙwayoyin gado. Da yawa sun guji wurin da ke da metil, wasu ba ruwansu, wasu kuwa, musamman masu tsara siffar tayi, sun fi son sa. Saboda haka mai ƙirƙirar kalmomin kimiyya da Hausa bai kamata ya kira metil "makulli" ko "makashin ƙwayar gado" ba. Kalmar "alama" ta fi dacewa da abin da gwajin ya nuna.