Kayan shaye-shaye a cikin gida: yadda iyaye za su gane su

Yawancin iyaye na jiran sai sun ga yaro yana tangaɗi kafin su gane ya shiga shaye-shaye. Alhali kayan sun daɗe a ɗakinsa, ana sharewa ana zubarwa a bola, ba wanda ya tsaya ya duba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ya nuna a rahotonsa na 2018 cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Don haka ɗakin 'yammata ma yana buƙatar ido.

A fara da kwalabe. Fankon maganin tari guda ɗaya ba komai ba ne. Amma a tarar da biyar ko goma a bayan sif, ko cikin silin, ko an jefa bayan katanga, alhali ba mai tari a gidan, to akwai magana. Gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton da BBC ta yi, amma har yau ana samunsa a ɓoye. Masu sha kan juye shi a robar lemo. Lemon da launinsa ya sauya, ya yi kauri, kuma mai shi ba ya yarda ƙaninsa ya kurɓa, a shinshina shi.

Sai katin ƙwaya, wanda ya fi komai sauƙin karantawa, domin sunan maganin da ƙarfinsa na rubuce a baya. Taramol ɗin da likita ke rubutawa yawanci 50mg ne ko 100mg. In an ga 200 ko 225, wannan ba na asibiti ba ne. A lura kuma da sunaye irin su Exol, Diazepam da Rohypnol, wanda samari ke kira roci. Shi wannan yakan bar shuɗi a harshe. In ba a iya karanta sunan ba, a ɗauki fankon katin a kai wa ƙwararren mai harhaɗa magani.

Kayan wiwi ba su da wuyar ganewa: siraran takardun naɗi irin Rizla, 'ya'yan ganye a ƙasan aljihu, guntaye marasa auduga a gindi, da laita a wurin wanda ba ya shan taba. Turare mai yawa da maganin ɗiga wa ido sukan biyo baya, don ɓoye wari da jan ido. Sholisho kuwa tsumma ne da ya ƙandare yana warin gam ɗin masu faci, ana dunƙule shi a hannu ana kaiwa baki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne allura. Sirinji a jakar hannu, da 'yan ƙananan kwalabe masu karyayyen wuya da aka rubuta Pentazocine a jiki, wato fenta, da igiya ko ɗankwalin da aka murɗe don ɗaure dantse. Wasu da dama sun faro ta ne a matsayin maganin ciwo, musamman masu sikila, sai ta zame musu jaraba. Takan bar gyambon da ba ya warkewa a cinya ko dantse, kuma karɓa-karɓar sirinji na yaɗa ƙanjamau da ciwon hanta. Kada a taɓa allurar da hannu tsirara. A sa ta cikin roba mai kauri mai murfi. Haka nan cokali mai baƙin ƙuna a ƙasa, ko takarda mai ƙyalli da ta babbake, ko ɗan bututun gilashi mai ƙulli a baki, duk alamun ƙwayoyi masu ƙarfi ne da ake ƙonawa a zuƙi hayaƙinsu.

Sai dai a yi hattara da saurin zargi. Mai ciwon suga na ajiye sirinji, mai farfaɗiya ko taɓin ƙwaƙwalwa na iya shan wasu daga cikin waɗannan magunguna bisa umarnin likita. Abin dubawa shi ne yawan kayan, da ɓoye su, da sauyin hali: barcin rana, ɓatan kuɗi, sababbin abokai.

In an tabbatar yaro ya shiga shaye-shaye, kada a tara masa 'yan unguwa, kada a ɗaure shi. Mun ga abin da aka tarar a gidan mari na Rigasa a Kaduna a 2019, inda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. A bari ya wartsake, uba ko kawun da yake jin nauyinsa ya zaunar da shi, a ajiye kayan a gabansa a tambaye shi cikin natsuwa. Kuma kada a yanke masa ƙwayar rana ɗaya a gida, domin barin Diazepam kwatsam na iya jawo jijjiga mai haɗari. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko Dawanau a Kano. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, ma na da layin neman shawara kyauta, 0800 1020 3040. In za a je, a tafi da fankon katin ko kwalbar, don likita ya san ainihin abin da yake sha da ƙarfinsa.