Yadda ake ziyartar kufan Tikal, a gane abin da ya cinye birnin

Mai son ganin yadda manyan biranen Maya suka koma kufai, ya fara da Tikal, a dajin Petén da ke arewacin Gwatamala. Yini ɗaya ya isa, biyu sun fi.

Da farko ka zaɓi lokaci. Ranin can daga Nuwamba ne zuwa Afrilu. Da damina hanyoyin dajin taɓo ne, ga sauro. Ka gama maganar biza tun kana gida. Daga babban birnin ƙasar jirgi na zuwa Flores, ɗan garin da ke tsibiri a tafkin Petén Itzá, kuma nan baƙi ke sauka. Tsakaninsa da Tikal kusan kilomita 65 ne. Ka riƙe fasfo, da kuɗin ƙasar, da ruwan sha mai yawa, da takalmi mai ƙwari.

Ka yi sammako, ka ɗauki ɗan jagora mai lasisi. Soma da babban dandali, inda Haikali na I yake, mai tsayin mita 47. A ƙarƙashinsa aka binne sarki Jasaw Chan K'awiil, wanda ya ci birnin Calakmul da yaƙi a 695. Wannan haikalin ba a hawansa. Haikali na IV ake hawa, ta matakalar katako, daga sama sai ka hangi kawunan daloli sun ɓullo cikin ganye. Rurin da za ka ji na birai ne, kada ya firgita ka.

Yawancin masu ziyara nan suke tsayawa, su ɗauki hoto su juya, kuma a ganina sun bar abin da ya fi. Ka ce wa jagoranka ya kai ka madatsun ruwa. Ba su da kyan gani, ramuka ne da daji ya rufe, amma ran birnin a cikinsu yake. Tikal ba kogi a kusa da shi. Sai mutanensa suka daɓe filayensu da farar ƙasa, suka karkata su yadda ruwan sama zai gangara tafkunan da suka haƙa, a sha har damina ta zagayo. Farar ƙasar nan kuwa sai an ƙona dutse ake samunta, ƙonawar na cin itace, gonaki ma suna cin dajin. Da fari ya yi ta maimaituwa daga wajen shekara ta 800, kamar yadda lakar ƙasan tafkin Chichancanab na Yucatán ta nuna, sarkin da ke cewa shi ne tsakanin mutane da alloli ya rasa abin faɗa.

Daga nan koma dandali ka bi dogayen allunan dutse da sarakuna suka kafa, ka sa a karanta maka shekarunsu. Na ƙarshe a Tikal, mai lamba 11, na 869 ne. Bayansa ba a sake kafa wani ba. Idan jagora ya ɗora komai a kan fari kaɗai, tambaye shi Dos Pilas, inda wajen 761 mutanen gari suka ɓamɓare duwatsun haikalinsu suka yi ganuwa saboda yaƙi. Rushewar biranen nan ta ɗauki fiye da shekara 100, kuma a daidai lokacin biranen Uxmal da Chichén Itzá na arewa suna tashe.

Da ka koma Flores, zaga tsibirin da ƙafa. Nan ne Nojpetén, daular Maya ta ƙarshe, wadda Sifaniyawa ba su ci ba sai 1697. Kada kuma ka ce wa kowa Maya sun ɓace: miliyoyinsu na nan suna magana da harsunansu, wataƙila har direbanka. Wasu na zuwa dandalin Tikal su kunna wuta su yi ibadarsu. In ka tarar da su, ja gefe, kuma nemi izini kafin ka ɗaga kyamara.